Ba a Barin Bakin Rijiya

Shekara arba'in na yi ina gina rijiya a Katsina. Daga Ƙofar 'Yandaka har bayan Ƙofar Ƙaura, babu ƙasar da ban ɗanɗana da haƙorina ba. Boko kuwa aji biyu na yi, shi ma don malamin bai gano mai zuba masa ƙaiƙayi a kujera da wuri ba ne.

Sai ga shi Allah ya ba jahili ɗiya mai karatun teku. Teku fa! A gidan da ruwa mafi faɗi da muka sani shi ne na randa. Bara ta zo hutu daga Legas, ta ce za su shiga jirgin ruwa mako uku, su zana taswirar ƙasan teku.

"Ƙasan kuma? Wa zai riƙe miki igiya?"

Ta yi dariya. "Baba, ba shiga za mu yi ba. Na'ura ce ke aika ƙara ƙasa, mu saurari dawowarta. Da haka muke gane tudu da kwari, da inda kifi ke ƙwai, don masu jan taru su daina share wurin."

Na ce yo ai mun riga ku, mu tsakuwa muke jefawa mu kasa kunne. Sai na tambaye ta yadda zan riƙa jin labarinta. Ta ce can babu sabis, sai in jirgi ya matso gaɓa. In ta samu, za ta kira.

A sana'armu doka ɗaya ce: muddin mutum na ƙasa, na sama ba ya barin bakin rijiya. In na ƙasa ya ja igiya, dole ya ji hannu. Sau ɗaya na karya ta. Abokin aikina mutumin Filato ne, Kirista, a ramin kuza ya koyi haƙa kafin ya dawo Katsina. Wata rana yana ƙasa, gaba goma sha biyu, wata mai fura ta gifta. Na ce bari in tambayi farashi. Tambayar ta kai mu har bakin kasuwa. Ko da na dawo, muryarsa ta dishe. Mai furar ita ce uwar ɗiyar nan, shi kuwa har gobe bai bar zancen ba.

To ɗiyata ta shiga teku, ni kuma na mai da waya igiya. Da ita nake cin tuwo. In zan yi wanka, sai in ɗora ta kan katanga ina leƙe, sabulu na shiga mini ido. In zauna a zaure, in tashi, in kai Ƙofar Kwaya in dawo ban san abin da na je yi ba. Na daina cin kifi, wai kada danginsa su riƙe ta a zuci. Uwarta ta ce, "Malam, ka zauna mana, kana sa ni jiri. Ka latse wayar nan har ta rame."

Rana ta goma sha biyu caji ya ƙare, wuta kuma ta yi yaji. Na ruga gidan abokin aikin nan nawa, yana da sola. Ya jona mini a tsakar gida, ya turo kujera.

"Zauna, sarkin masu riƙon igiya."

"Tsohon banza, zancen shekara talatin ba ya ruɓewa a bakinka?"

"A rami na ajiye shi, wurin da sanyi."

Na zauna. Na miƙe. Na ƙirga kajinsa sau biyu. Can na ji ana musu a wurin 'yan dara a ƙofar gida, na ce bari in leƙa kawai. Wani ya yi kwaɓa a wasa, ni kuwa ba na ganin kwaɓa in yi shiru. Na karɓi wasan.

Da na koma, na tarar da abokina riƙe da wayata, yana kallona irin kallon da ya yi mini ran da na jawo shi daga rami.

"Ta kira," in ji shi.

Na fizge wayar na kira, wata mata ta ce ba a samun layin.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Sun gano wani tudu a ƙasa, kifi ya yi gari a kansa. Amai ta yi kwana biyu, ya wuce. Sabis ɗin bai yi minti biyu ba."

"Ta tambaye ni?"

"Da shi ta fara."

"Ka tona ni ke nan."

Ya daɗe yana sosa gemu, da gangan. "Na ce mata kana nan kusa, ka kama ruwa ne. Na ce tun da ta tafi ba ka saki igiya ba."

Mutumin da ko a ciniki ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Sai na ce masa kajinsa sun rame.

Saura kwana tara. Na jawo kujerar kusa da sola, na ɗora wayar a cinya. A waje ana ta kirana in zo in ƙarasa wasa. Ƙafata na rawa kamar ta tela, amma ban tashi ba.