Kaset ɗin mai waƙar noma

Shekara tara na yi ina kwafar kaset a Kwanar Dangora. Rumfata ta kwano ce, a bakin tasha, da rakoda mai baki biyu da batirin mota a ƙarƙashin tebur. Ka kawo kaset ɗinka da ba komai a ciki, ka faɗi abin da kake so, waƙar Indiya ko wa'azi ko kalangu, in tura maka. Ban taɓa kiran wannan sata ba, har yau ma in ana gardamar haƙƙin mallaka sai in ji gajiya ta kama ni. Kowa da gaskiyarsa, ni dai tuwo nake nema.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo daga wajen Burumburum. A da shi ne mai waƙar noma na yankinsu, in an yi gayya shi ke zuga samari a kan kunyar gona. Ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya, sai ka sunkuya kafin ka ji abin da yake faɗa. Ya kwance wani tsumma, ya fito da kaset guda, an rubuta a jikinsa da biro.

"Ɗana," ya ce, "wani malamin makaranta ne ya ɗauke ni a gona tun ina da murya. Shi ke nan gare ni. Zaren ya soma tattarewa. Ka fitar mini da uku, jikokina ba su yarda na taɓa waƙa ba."

Na ce, "Baba, an gama. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

Ya dawo, ban yi ba. Lokacin bukukuwa ne, direbobi da 'yanmata sun cika ni da aiki, kuma nasa yana son zama, sai an buɗe shi an miƙe zaren a hankali. Na ba shi haƙuri. Ya sake dawowa, na sake ba shi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, da ma ina ya gan ta.

A lokacin ne aka fara kamen masu kwafa. Mu 'yan kan hanya muna da dabararmu: direbobin bas da suka taso daga Kano su ke kawo mana labari. Da hantsi wani direba ya leƙo ya ce motar jami'ai na tafe, sun riga sun kwashe na garuruwan baya. Nan da nan na tattara uwayen kaset, wato na asali masu hoton kamfani waɗanda nake kwafa daga gare su, na zuba a buhu, na kai wa mai shayi ya tura ƙarƙashin itacensa. Na ɗauki na dattijon, na juya shi, na mayar kan tebur. A tunanina dokar ta kayan kamfani ce. Wannan ba shi da kamfani, ba shi da hoto, mai shi da kansa ya kawo. Wa zai taɓa shi?

Ashe su nasu ma'aunin daban ne. Duk kaset ɗin da aka rubuta wa suna da hannu, jabu ne. Suka share teburin kaf cikin kwali. Na riƙe hannun babbansu ina cewa, "Ranka ya daɗe, wancan ɗaya ba na sayarwa ba ne, na wani tsoho ne, muryarsa ce." Ya ce kowa haka yake faɗa, kuma su mawaƙan suka zo karewa daga irinmu. Kai jama'a! Raina ya ɓaci har na faɗi maganar da ta sa na sha mari.

Sau uku ina zuwa ofishinsu a Kano neman kaset ɗin. Ranar farko aka ce mai makulli ba ya nan. Ta biyu na wuni a kan benci. Ta uku wani masinja ya ji tausayina, ya zaga da ni bayan ofis, ya nuna mini toka da narkakkiyar roba. Na tsaya ina kallo kamar zan gane na dattijon a ciki. Na hau mota na dawo, ban ci komai ba.

Da dattijon ya zo, na ba shi kujera, na durƙusa na faɗa masa komai, har da ajiye shi da na yi a kan tebur da hannuna. Na zaci zai zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa Zariya. Sannan ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa.

"To kai dai ka ji shi ko? Ka zo ka gaya wa yaran nan yadda muryar take."

Mako uku kaset ɗin ya yi a rumfata, ina da rakoda da batiri, ban taɓa kunna shi ba. Na so in ce na ji, bakina ya ƙi.

"Baba, ban ji ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, ya miƙe ya nufi wajen 'yan acaɓa.