Malam Baibai da Littafin da Na Miƙe Masa

Ƙarfe bakwai na safe yake isa gidan waya, awa guda kafin a buɗe ƙofa. Sai ya goge teburin da ake rarraba wasiƙu, ya ciro tsofaffin takardun ofis da aka daina amfani da su, ya juya bayansu ya hau rubutu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma ban ji wani yana shirya masa ko taron shan lemo ba.

Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Malam Baibai, don ba ya kama labari ta inda kowa ke kamawa. Mai gadin wurin ya ce ya taɓa karanta masa wani labari da benci ne ke magana a ciki, bencin da mutane ke zama suna jiran layi. "Da farko dariya na yi," in ji shi, "amma wallahi tun ranar ban ƙara ɗora ƙafa a bencin nan ba." Matarsa kuwa cewa ta yi, "Ni in zai ba ni labarin hanya, sai na ce don Allah ya fara daga fitarsa gida."

Ni edita ne, kuma ni na ɓata masa littafi ɗaya tilo da aka taɓa buga masa. Shekara ashirin da suka wuce ya kawo mini labarin wata mata mai ɗinki. A babi na farko ana binne ta, a na biyu tana jinya, haka ake ta komawa baya har babin ƙarshe, ranar da aka haife ta. Lokacin ina ji da kaina, gani nake babu wanda ya kai ni sanin abin da mai karatu ke so. Wa zai sayi littafin da ya fara da kabari? Ko tambayarsa ban yi ba. Na jera babukan daga haihuwa zuwa mutuwa, na aika wurin bugawa. Da littafin ya fito ya jujjuya shi, ya ce, "An gode, sannu da ƙoƙari." Ni sarkin wayo na ɗauka yabo ne. Littafin ya zama kamar kowane littafi, aka kuma manta da shi.

Malam, kai ne ka ci gaba da rubutu bayan wannan, babu mai bugawa, babu mai tambaya. Kai ne ba ka taɓa kai ƙarata wurin kowa ba. In mun haɗu a hanya ma kai kake riga ni gaisuwa, abin da ya fi zagi yi mini ciwo.

Makon jiya na je gidansa neman gafara. Kamfaninmu ya daɗe da rufewa, ba ni da ikon sake buga ko shafi ɗaya, bakina kawai na kai. Na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun farko, me ya sa ya rubuta shi a juye.

Ya gyara zaman tabarau. "Mai ɗinkin nan mahaifiyata ce," ya ce. "So na yi in rufe littafin tana da rai, duk rayuwarta na gabanta. Sai ka sake binne mini ita." Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yafe tun tuni, ya tura mini kofin ruwa.

Na gode, Malam, da haƙurin da ban cancanta ba. Ku matasa masu rubutu, ku yi koyi da taurin kansa. Ku masu jan biro irina, ku riƙa tambaya kafin ku gyara. Wanda kuma yake da littafin nan a gida, don Allah ya kakkaɓe shi, ya fara daga babin ƙarshe ya yi baya.