Kafin Ruwan Nilu Ya Yi Ɗumi

Ni Bakano ne, abin da na sani game da kifi bai wuce a soya a barbaɗa yaji ba. Sai da na je karatu Alƙahira na haɗu da mutumin da kifi ke hana wa sukuni, kuma ba don ci ba.

A bene ɗaya muke a unguwar Faisal, ni da iyalina a hawa na huɗu, shi a na biyar wajen 'yarsa. Dattijo ne, Bahaushen Sudan, daga wani gari a bakin kogi kusa da Sinnar. Neman maganin ido ya kawo shi. Likita bai ɓoye masa ba: idon hagu ya riga ya tafi, na dama na bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min Malam, da wata 'yar murya mai nuna bai ɗauki malantar tawa da nauyi ba.

A hunturun ƙarshen 2013 muka saba, sanyin da ko Masarawa sai da suka yi kuka da shi. Bayan azahar mukan hau rufin bene shan rana. Akwai maƙwabcinmu mai kiwon tattabaru a can, Baba kuwa sai ya bi yana lalubar gashin da suka zubar. Ya yanko ɗan guntun tsohon silifas, ya ɗaure shi a jikin ƙugiya da zare, ya sa masa fukafukai da gashin, abin har yana taɓa masa hanci don ya gani. Kafin la'asar ya haɗa fara guda.

A garinsu, in ji shi, da fara mai rai suke fatsa. Ba a nutsar da ita, a saman ruwa ake ajiye ta, kifi ya taso ya cafke. Alƙahira ba fara, sai ya ƙera tasa. Na yi masa tsiya na ce kifin Masar ɗan birni ne, ba zai ci silifas ba.

"Kai dai ka ji da littafinka," ya ce. "Kifin ma ba shi nake so ba, ga shi nan jibge a kasuwa. Tasowar nake so in gani da idona, ko sau ɗaya, kafin a kashe min fitila."

Matsalar ita ce in da sanyi kifi yana can ƙasa kwance, sai ruwa ya yi ɗumi yake tasowa. Baba ba ya iya ƙetare titi shi kaɗai, 'yarsa kuma ta hana shi fita saboda tari. Sai ya ɗora min aiki. Tunda duk Alhamis ina zuwa laburare a Giza, in sauka bakin Nilu in tsoma hannu har gwiwa, in kawo masa labari.

Da farko na yi da gaske. In tuɓe safar hannu, in naɗe hannun riga, masu fatsa da tsutsa suna kallona kamar taɓaɓɓe. In dawo in ce, "Ƙanƙara ne, Baba." Ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu jira," ya ci gaba da ɗaurinsa. Farar da ya tara ta cika gwangwanin madara. Na lura na baya-bayan nan fukafukansu a karkace suke.

Wajen tsakiyar watan Maris, rubutun digirina ya sha min kai. Sauka kogin nan yana cinye min kusan awa guda, ga cunkoson maikurobas, ƙananan motocin haya. Alhamis ta farko ban je ba. Da ya tambaya, na ji kunyar faɗar gaskiya, na ce da sauran sanyi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A raina ina cewa kogi ai ba guduwa zai yi ba. Wallahi ko sau ɗaya ban tuna cewa idon ne mai gudu ba.

Sai farkon Afrilu na samu kaina. Wata safiya na riƙe hannunsa muka sauko, gorarsa ta fatsa a kafaɗata. A matakala na gane yanzu da ƙafa yake laluben hanya.

Muka sami wani wuri mai ciyayi a gefen Giza. Ya durƙusa ya tsoma hannu, ya daɗe bai fitar ba.

"Malam," ya ce, "ruwan nan ya kwana biyu da yin ɗumi."



Ya miƙe ya wurga. Hannun bai manta ba, farar ta sauka a hankali ta zauna a kan ruwa. Ya karkata kai yana neman ta da idon dama. A wurgi na huɗu ruwa ya ɗan kumbura, baki ya buɗe, farar ta ɓace. Gora ta lanƙwashe, ya fizgo 'yar karfasa da ba ta wuce tafin hannu ba. Wani Bamasare da ke kusa har da tafi.

Baba ya shafa ta daga kai zuwa wutsiya, ya cire ƙugiyar ya mayar da ita ruwa.

"A hannu na ji," ya ce. "Ban ga komai ba."

Nan na faɗa masa gaskiya, cewa sati uku ban zo kogin ba. 

"Na sani. Tun a rufin bene nake jin rana ta canza." Ya goge hannu a jallabiyarsa. "Ma'alish, ba komai. Kai ka gani, ko?"

"Na gani, Baba."

"To zauna ka faɗa min yadda ya taso. Kada ka yi sauri."