Kwamin Shanu da Tayar Kekena

Mu tara ne bisa kekuna daga Dakoro zuwa Bader Goula, sai ƙaya ta huda mani taya da tsakar rana. Ruwanmu ya ƙare, hujin kuma ya ƙi ganuwa.

Muka tura har wata rijiya. Wani dattijo ya cika kwami ke nan, shanunsa na turereniya. Sai ya tare su da sanda.

"Ku fara sha. Kai kuma tsoma robar tayar a kwamin, kumfa za ta nuna maka hujin."

Na ce, "Baba, shanunka fa?"

Ya ce, "Su sun kusa gida, ɗana. Ku ke da nisa."

Ko sunansa ban tambaya ba, abin na cina har yau. Ku wa ya taɓa yi maku haka a hanya?