Irin Dawar da Na Manna a Kwali

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka ba a hura wuta a tsakar gida, don tsakar gidan ma babu ita. Bene ne hawa uku, mu muna na sama, kuma iyakar sararin da muke da shi shi ne rufin benen, inda tankin ruwa yake da igiyar shanya. A can kakarmu ta wajen uba take kafa mulkinta. Sunanta Hauwa, amma mu Sitti muke ce mata, yadda yaran unguwa suke kiran kakanninsu. Ta yi shekaru tana gyara mana cewa Kaka ake faɗa, har ta gaji ta ƙyale mu. Idan sanyi ya shigo, da an idar da magariba sai ta sa a hau mata da ɗan murhun gawayi, ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta, ni da yayata Ruƙayya da 'ya'yan maƙwabta. Kafin a kira isha'i ta ba mu tatsuniya ɗaya ta sallame mu.

A shekarun da nake magana, aikin Hajji a cikin sanyi yake faɗowa. Abbanmu yakan tafi Arfa aikin rabon abinci ya yi kwanaki ba mu gan shi ba, matan gidan kuma kowa tana fama da girkin alhazai, don haka yara sai a tara wa Sitti. Ita kuwa ba ta yarda yaro ya zauna hannu rabbana. Kowane lokaci na shekara da aikinsa a wajenta. Da azumi mukan huda gwangwanin madara da ƙusa mu yi fitila. Da Hajji ya ƙarato sai mu naɗe takardu mu jera tantunan Mina a kan tabarma, ta sa mu ƙirga su da Hausa, kuma duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce "wahid" maimakon "ɗaya" sai ya koma farko. Ni na fi kowa komawa farko, kuma na fi kowa gardamar cewa ban faɗa ba. Gam na kanti ba ya shiga aikinta, ta ce warinsa yana hawa kan yaro. Fulawa take damawa da ruwa ta ɗan dafa, da shi muke manna komai.

Babban aikin shekara sai alhazai sun watse ake yin sa. Sitti tana da garwa shida cike da ƙasa a gefen tanki, a ciki take shuka dawa. Kaura ce, wadda ta ƙullo a gefen zaninta daga gonar mahaifinta lokacin da suka taho da kakanmu ta hanyar Sudan tana amarya. Tun daga lokacin take shukawa duk shekara, ta cire iri ta ajiye, karan kuma ta ba mu. Da ɓawonsa da totuwarsa ta koya mana yin mota da gado da tabarau, irin wasan da ta yi tana yarinya. Sai dai a shekarar da ta gabata tattabarun Makka sun yi mata ɓarna, abin da ta tsira da shi bai cika tafin hannu ba. Ta ƙulle shi a tsumma ta sa a akwatin ƙarfen da take ajiye zare da maɓallai da almakashinmu.

Ina da shekara bakwai a lokacin, kuma na ƙudurta sai na yi wa Abba hoton dutsen Arfa ya tarar idan ya dawo. Ruƙayya ta riga ta yi nata da shinkafa da ɗan mitsitsin waken nan da ake kira adas, ni kuwa ban ga dalilin da nata zai fi nawa ba. Ina laluben akwatin na ci karo da ƙullin, na kwance, na ga launin ya yi daidai da dutse da yamma. Na san dawar shuka ce, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni 'yar Makka ce, duk abin da na taɓa gani ya ƙare a gida, sayo wani ake yi. Na sha ganin dawa a faranti wajen matan Hausawa masu sayar da kuka da daddawa. Na shafa fulawa a kwali, na jera ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, na yi ta kallon aikina ina yaba wa kaina.

Washegari da safe Sitti ta buɗe akwati don ta shanya irin, ta ɗago tsumma babu komai. Ta tara mu ta yi tambaya sau ɗaya.

"Wa ya taɓa ƙullin nan?"

Ummi, mahaifiyarmu, ta leƙo daga kicin ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an jima sai a sayo miki wata."

"Ta kasuwa ta abinci ce, Maryam," in ji Sitti. "Wannan ba a sayar da ita. Waɗanda suka san gonar ma duk sun kwanta dama."

Ta ninke tsumman ta mayar. Na lallaɓa na ɗauki kwalin na hau sama na cusa shi a bayan tanki, na yini ina kauce wa idonta. Ko abincin rana ban iya ci ba.

Na ɗauka ranar babu tatsuniya. Amma da aka idar da magariba ta sa aka hau da murhu kamar kullum, ta gyara zama, ta ce, "To, ga wata nan ta taho." Muka ce ta iso mu ji, ni dai leɓena kawai na motsa.

Ta ce a wani gari an yi fari har mutane suka cinye abin da ke rumbu, sai wata tsohuwa ta ji tsoron kada yunwa ta sa ta cinye irin da ya rage mata. Ta kai wa kurciya ajiya, don kurciya ba ta cin amana. Kurciya ta ɓoye shi a ƙasan sheƙarta. To tana da 'ya ƙarama mai son ƙawa, uban kuma ya yi tafiya. Wata rana uwar ta fita, 'yar ta tono irin nan, ta ga yana sheƙi, ta kwaɓa laka ta lilliƙa shi a bangon sheƙa don uban ya dawo ya ga gida ya yi kyau. Ba a daɗe ba hadari ya haɗu, tsohuwa ta zo karɓar ajiyarta, kurciya ta duba babu. 'Yar kuwa ta jingina da bango ta baza fukafukai ta rufe aikinta, ba ta motsi, ba ta magana.

Sitti ta katse labarin a nan ta hau gyara gawayi.

"Sai me ya faru, ya Sitti?" in ji Ruƙayya.

"Daga nan na manta. Tsufa ke nan. Wa zai ƙarasa min?"

Ruƙayya ta ce a zane 'yar kurciyar, halas, shi ke nan. Wata 'yar maƙwabta ta ce tsohuwa ta je kasuwa, Sitti ta ce garin babu kasuwa. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba, garwashin take kallo.

"Ni dai 'yar kurciyar nake tausayi," ta ce. "Tun safe fukafukanta a buɗe. Dole sun yi tsami."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Taku biyar ne zuwa tanki, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi min nisa kamar wannan ba. Na zaro kwalin na ajiye a cinyarta ina kuka har da majina. Ta ɗaga shi wajen hasken fitila ta daɗe tana dubawa.

"Arfa ce wannan, Safiya?"

Na gyaɗa kai.

"Ta yi kyau. Ta fi ta Ruƙayya." Ruƙayya ta tura baki. "Da me kika manna?"

"Da fulawarki."

"To alhamdu lillahi. Fulawa ba ta kashe iri. Share hancinki, ki zo ki sha shayi."

Ba ta ce a ɓamɓare ko ƙwaya ɗaya ba. Ta jingine kwalin a ɗakinta har Abba ya dawo bayan kwana biyu, ya gani, ya yaba, ya ce ko daga nesa ya gane wurin. Sannan ta miƙo min almakashi ta ce in yanka shi gida shida da hannuna. Na yi kuka na biyu, don wallahi ina son hoton nan. Muka jiƙa gutsattsarin, muka kwantar da kowanne a garwarsa, muka rufe da ƙasa mara yawa. Ta ɗora min ban ruwa safe da yamma, kofi bibbiyu, ina ƙirgawa da Hausa. A rana ta biyar na hau na tarar da koren tsinke-tsinke sun huda ƙasa. Garwa huɗu suka yi, biyu ba su ce komai ba. Huɗun nan sun ishe mu iri, kuma a shekarar ni ce na ɗaura wa kowace zangarniya tsumma saboda tattabaru, ba tare da an sa ni ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin daren nan shi ne yaro ya faɗi gaskiya, kuma kada ya taɓa abin da bai san asalinsa ba. Da wannan fahimtar na girma, na yi aure, na koma unguwar Rusaifa, na haifi yara biyu da suke cika min gida da gutsuren takarda. Dawar tana nan a bokitan roba a barandata, kuma nakan yi musu duk wasannin Sitti, sai dai ban gaji haƙurinta ba. Ni mai saurin faɗa ce. Idan aka yi ɓarna, kafin in tambaya na riga na gano mai laifi na yanke hukunci, kuma ina ganin hakan ƙwarewa ce.

Bara Ummi ta zo ta tarar ina yi wa ƙaramar 'yata tsawa, na zaro rigar da ta yayyanka daga ƙarƙashin katifa ina kaɗa mata a fuska. Da yarinyar ta fita sai Ummi ta ce in zauna. Ta ce ranar da irin nan ya ɓata, Sitti ta hau shanya da azahar ta ga kwalina a bayan tanki. Ta sauko da shi kicin ta zauna ta yi kuka, don ba ta san ko zai tsiro ba, sannan ta share fuska ta hau ta mayar da shi daidai inda na cusa shi.

"Na ce mata, Hajiya, tunda kin gani ai shi ke nan, ki kira ta mana," in ji Ummi. "Sai ta ce min, 'A'a, Maryam. In na ɗauko da kaina, dawar kaɗai zan samu.'"

Na tashi na je neman 'yata. Na same ta a bayan ƙofa, ta rufe fuska da hannu biyu.