Dakta Loretta da Shayin Gidan Hynes

Ƙarfe bakwai na safe Dakta Loretta Keough take tayar da tsohuwar motarta ta kama hanyar gaɓar teku. A kujerar gefe akwai littafin rubutu, fensir biyu da takalmin roba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Jami'a ta ba ta ofis a birnin St. John's, amma gizo-gizo ya fi ta zama a cikinsa. Aikinta binciken cutar mantuwa, wadda iyayenmu suke kira gigin tsufa, kuma a kicin ɗin mutane take yin sa.

A ƙauyukanmu na masunta ba a shiga gida a fita ba a sha shayi ba. Loretta takan zauna ta naɗe hannu ta bar masu gida su haɗa. Ba ta miƙa cokali, ba ta ɗauko kofi, ko da tsohuwa na rawar hannu. Ɗalibanta sukan ji kamar su nutse don kunya. Ita kuwa kallo take yi: wa ya kunna wuta, wa ya tuna ya kashe, me aka ajiye a ina. Mu da muka yi karatu a nesa muka dawo, mun ɗauki abin wasa. Mun fi yarda da takarda mai maki.

Irin wannan takardar ce ta kusa raba gidan Hynes a ƙauyen Gannet Cove. Kawu Ambrose Hynes, tsohon masunci, 'yarsa Colleen ta zo daga Toronto ta kai shi asibitin birni. Aka ce ya zana agogo mai nuna sha ɗaya da minti goma, ya zana abu kamar ƙwai. Aka faɗa masa kalmomi biyar don ya maimaita, sai ya ce, "Haka ne, likita." Makinsa ya faɗi ƙasa. Aka samo masa gado a gidan tsofaffi, tafiyar awa huɗu daga gida, aka ce ranar Juma'a ya tare. Matarsa, Inna Bridie, za ta zauna ita kaɗai. Colleen ta roƙi Loretta ta leƙa, ko za ta lallashi tsohon ya tafi ba rigima.

Ranar Laraba Loretta ta je.

"Kawu, an ce ka faɗi jarrabawa."

"Tun ina shekara goma nake faɗuwa, 'yar nan. Shi ya sa na kama teku. Kifi ba ya tambayar ƙarfe nawa."

Inna Bridie ta cika buta ta ɗora a kan murhu ta juya baya ba ta kunna ba. Ambrose ya wuce kamar mai neman hularsa, ya murɗa makunni. Ta ajiye kwanon gishiri a gaban baƙuwa; kafin Loretta ta ɗaga kai, kwanon ya zama na sukari.

"Da madara kike sha?" in ji Bridie.

"Kaɗan, Inna."

Aka taɓa hira. Bridie ta sake ɗaukar madarar. "Da madara kike sha?"

"Ke tsohuwa, so kike ki ƙarar mana da saniya a kofi ɗaya?" Ambrose ya faɗa yana dariya. Ita ma ta yi dariya ta kai masa duka da tsumma. Da ta sake tambaya a karo na uku bai samu abin barkwanci ba, sai ya yi tari.

Loretta ta ce ya nuna mata komarsa a rumfa. Suna fita ta ɗaga murya, don ta lura na'urar jinsa tana cikin kofi a kan taga.

"Yaushe ruwan teku zai janye yau?"

"Biyu da kwata. Gobe uku saura kaɗan."

"Tun yaushe Inna Bridie take haka?"

Ya daɗe yana murza igiya. "Shekara uku, tun bayan bikin Ista."

"Ka ji tambayoyin likitan nan?"

"Rabi. Rabin da na ji ma ban wahalar da kaina ba. Na ce in suna kallona ba za su kalle ta ba. In sun ɗauke ni kuma ai da ita za su haɗa. Shekara hamsin da shida ba mu raba ɗaki ba."

"Gado ɗaya suka ba da, Kawu. Naka. Ranar Asabar wa zai kashe mata murhu?"

Tsohon ya zauna a kan akwatin kifi. Bai yi wannan tunanin ba.

Loretta, ke ce kika zaunar da Colleen a mota kika gaya mata abin da kika gani, ba ki ce ta yi kuskure ba. Ke ce kika sa aka sake gwada Ambrose da na'urarsa a kunne, a kan teburinsa, aka kuma duba Bridie a karon farko. Aka mayar da gadon. Aka kawo murhu mai kashe kansa, ma'aikaciyar jinya tana zuwa sau uku a mako. Inna Bridie ta ƙara shekara huɗu a gidanta, ta rasu a ɗakin da ta haifi Colleen.

Labarin ya shiga rubuce-rubucen Loretta ba suna, tare da kicin ɗari shida da wani abu. Abin da ta nuna bai da ado: tsofaffin ma'aurata sukan rufa wa juna asiri har su ɓatar da likita, kuma tsohon da bai saba da biro ba yakan faɗi gwaji alhali hankalinsa garau. Ba ta samu wata lambar yabo ba. Amma ma'aikatan jinya da ta koyar yanzu suna zama su naɗe hannu har shayi ya iso.

Makon jiya aka yi mata walimar ajiye aiki a zauren coci. Kawu Ambrose, mai shekara casa'in ba ɗaya, ya dogara sanda ya miƙa mata takarda a ninke. Zanen agogo ne, zagayayye tsaf, sha ɗaya da minti goma.

"Ki kai wa mutanen birni," in ji shi. "Ki ce a gyara mini makina."

Loretta mai naɗe hannu, mun gode. Ku kuma da kuke zuwa ganin iyayenku sau ɗaya a shekara, in an tashi haɗa muku shayi, kada ku karɓe butar. Ku zauna ku duba wanda yake kunna wutar.