Kwalin da Babu Kaset a Ciki

Shekaranjiya a wani lungu na kasuwa a Kano, wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan wuta ya ɗauko kaset ɗin gem, ya kai baki ya hura cikinsa, fuu, fuu, sannan ya miƙo mini. Ba wanda nake nema ba ne, amma tun daga lokacin na kasa zama wuri guda. In ka taɓa buga gem irin na da, wanda ake cusa wa kaset ta sama a jona da talabijin, ka san wannan hurin. A gidanmu na Gaya, mutum ɗaya ne ke da izinin yin sa: yayana.

Yaya sikila gare shi. Da damina, sa'o'insa na gona suna noman gyaɗa da gero, shi yana kwance a ɗakin Kaka, gaɓoɓinsa na sara. Kawunmu mai tuƙa bas zuwa Kano ne ya tausaya masa, ya sayo masa gem da kaset uku, kowanne cikin kwalinsa. Wuta ba kullum ake kawowa ba, don haka rabin wasan Yaya da kwalayen yake yi. Ya juya su, ya karanta Turancin da ke bayansu, ya goge su da gefen rigarsa. Wanda ya fi so shi ne mai hoton wani mutum riƙe da fitila a bakin kogo. A cikin wannan kwalin ya zana taswirar wasan da biro: nan rami, nan ɓoyayyar ƙofa. Duk matakin da ya tsallake sai ya ƙara layi.

"Ki buga in kina so," yakan ce mini, "amma ki wanke hannu tukuna. Kwalin kuma kar ki taɓa."

Shekarata tara, kuma ni ba a hana ni abu in haƙura. Ranar da za mu suna gidan Gwaggo a Ajingi, na tuna 'ya'yanta suna da irin na'urarmu, kullum suna mini gorin nasu ya fi. Na faki idon Yaya, na zare kaset ɗin da ya fi so da kwalinsa, na tura cikin hijabi. Na yi burgar da na so. Amma a hanyar dawowa, ni da Inna a kan babur, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge mana tsakiyar gonaki, babu ko rumfar fakewa. Na ƙanƙame kwalin a ƙirji, ina ji yana laushi kamar gurasar da aka tsoma a romo.

Kaka na fara nuna wa, mahaifiyar Baba, mutuniyar gabas ce da ba ta ɓarnar magana. Ta dubi kwalin, ta dube ni.

"Hura mini gawayi," ta ce.

Ta ware kwalin a hankali, ta shimfiɗa shi tsakanin ƙyalle biyu, ta bi shi da dutsen guga, ba ta dannawa. Har yau ina jin warin ɗumin takardar nan. Ta jiƙa ƙaro ta liƙe gefunan, ta ɗora masa akwatinta na ƙarfe ya kwana. Da safe kwali ya miƙe, hoton ya ɗan koɗe kawai. Taswirar ce ta narke, ta zama shuɗin tabo.

"Na gyara abin da zai gyaru," in ji Kaka. "Saura ki kai masa da hannunki."

Yaya ya daɗe yana kallon tabon. Na so ya dake ni, ko ya yi ihu, in samu sauƙi.

"Wata bakwai na yi ina zana wannan," ya ce. Can ya laluba ƙarƙashin filo ya miƙo mini biro. "Yatsuna na ciwo kwana biyun nan. Ke za ki buga, ina faɗa miki hanya. Ke kuma za ki zana."

Haka muka soma daga farko, a ɗaya ɓangaren kwalin. Da an kawo wuta sai in yar da tsintsiya in ruga, Inna na kira ina ji. Mun kai mataki na shida lokacin da sanyi ya shigo, ciwon ya tashi, aka tafi da shi asibiti Kano. Bai dawo ba.

Bayan arba'in Baba ya kyautar da na'urar da kaset ɗin duka, don Inna ba ta iya ganinsu. Kwalin ne kaɗai Kaka ta ɓoye a akwatinta, cikin busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Ranar da za a kai ni ɗakin miji ta sa mini shi a hannu.

Tun daga nan nake neman kaset ɗinsa. Garin neman ne na tara waɗansu har suka cika kanta guda. Kowane kwali na sa shi a leda, nesa da bango, nesa da rana, da damina kuma ina fito da su su sha iska. Masu sayarwa mamakina suke, mace da 'ya'ya tana cinikin kwalin da su shara suke ɗaukarsa. Yara yanzu a waya suke sauke wasa, su goge shi gobe, babu abin riƙewa balle na adanawa.

Ɗazu wani ya bugo mini daga Wudil, wai ya tsinci buhun tsofaffin kaset a shagon mahaifinsa. Ina neman mayafi, babbar 'yata ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, in kin same shi fa, sai me?"

Na ce mata sai in zauna in buga mataki na bakwai.

"Wa zai faɗa miki hanya?"

Na yafa mayafin. Sannan na ce ta ɗauko biro, ta zo mu tafi.